Ranar da Anti Banki Ta Hana Sa Hannu

Biro yana hannun Injiniya, bakin biron har ya taɓa takarda, sai aka turo ƙofar falon da gindin sanda.

"Ajiye biron nan."

Mai burodi, matar Injiniya, ta waiwaya a firgice. Maƙwabciyarsu ce, Anti Banki, tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan sanda, ɗayan ya dafe bango. Ɗankwalinta ya zame har ana ganin kan da maganin asibiti ya aske tas. Ƙofarta da tasu a baranda ɗaya suke, amma haki take kamar wadda ta hau dutse.

"Anti! Ke da likita ya ce kada ki tashi?"

"Ya ce kada in tashi, bai ce kada in ji ba. Bangon gidan nan da labule duk ɗaya ne. Ba ni kujera, ƙanwata."

Mai burodi ta jawo kujera da sauri, ta tallabe ta ta zaunar. Abin da ta ji a hannunta ya tsorata ta: matar da a da in ta taka baranda sai ƙasa ta amsa, yau ba ta fi nauyin tiren burodi ba.

Mutum uku ne suka zuba wa Anti ido. Akwai wakilin kamfani, wani matashi mai tsabta da jaka a cinya. Akwai Yaya, wan Injiniya, wanda ya rufe shagonsa na kayan mota musamman don ya zama shaida. Sai shi Injiniya a keken guragu, bargo a gwiwa.

Ba injiniya ba ne shi, mai gyaran lantarki ne, 'yan layin ne suka laƙa masa sunan don babu wayar da ta taɓa gagararsa. A wani ginin bene da kamfanin gine-gine ya ɗauke shi aiki tsani ya zame da shi. Lakarsa ta taɓu, likitoci suka ce sai dai wani ikon Allah, amma ƙafa ta gama aiki. Kamfani ya biya kuɗin asibiti na farko, ya yi shiru na watanni, yau kuma ga shi ya aiko da tayi: kuɗi dunƙule guda, a sa hannu, a yi sallama har abada. Mai burodi ba ta taɓa ganin sifili jere da yawa haka ba. 'Yan kunnenta na zinariya sun riga sun tafi, kuɗin makarantar yara ya tsaya, ga bashin banki a kan tanderun da take gasa burodi a shagonta na bakin titi. Wannan takarda a idonta kamar ruwan sanyi ce a bakin mai ƙishi.

Anti ta miƙa hannu, wakilin ya ba ta takardar ba da son ransa ba. Ta ɗora tabarau a karan hanci, ta bi ta layi-layi, ba gaggawa.

Shekaru masu yawa ta yi a banki tana nuna wa masu hali inda za su ajiye dukiyarsu ta haihu. Bayan ta yi ritaya sankara ta kama ta. A kan bencin asibiti, tana jiran layin magani, ta fara jin abin da bai taɓa shigo mata ofis ba: wannan ya sayar da gidansa rabin kuɗi, wancan ya ci bashin da ruwansa ya fi uwar kuɗin, waccan ba ta ma san mijinta yana da fansho ba. Sai ta roƙi shugabar ma'aikatan jinya a ara mata tebur da kujeru biyu a ƙarshen baranda. Duk Laraba tana can, tana ba da shawara kyauta. Har wata lauya ta ga abin ya burge ta, ita ma ta riƙa zuwa. Sai a watan nan da ciwon ya kwantar da Anti ne teburin ya zauna ba kowa.

"Ɗana," ta ce wa wakilin, "kai aiko ka aka yi, ba ni da faɗa da kai. Amma faɗa min, in kuɗin nan ya ƙare, wa zai sayi maganinsa?"

"Ai Mama, kuɗin ba kaɗan ba ne."

"Ban ce kaɗan ba ne. Na ce in ya ƙare."

Yaya ya gyara zama. "Anti, da girmanki, a bar mu mu rufa wa kanmu asiri. Na riga na tsara komai. Motar haya biyu za mu saya, in sa direbobi, kullum ana kawo masa abin cefane. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In muka ja da kamfani, wa ya san ranar da za mu ga ko sisi?"

"Yaya, niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka. Amma mota tana tsufa, tana karo, direba yana gudu da ita. Shi kuwa bayan ƙanenka ba ya zuwa hutu. Ranar da motar ke wurin makanike, ranar ma sai an canza masa robar fitsari."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ni na gaji, Anti," ya ce a hankali. "Na gaji da ganin matar nan tana ɗaga ni tana ɗaga buhun fulawa. So nake in ajiye mata wani abu a hannu in ce ga nawa."

"Za ka ajiye mata, Injiniya. Wanda ya fi wannan. Ka ba ni mako guda kawai."

Ya ɗago ya dubi matarsa. Idan ta ce a jira kuma abin ya suɓuce, dangin miji ba za su taɓa mantawa ba. Ta dubi Anti, ta ga gumi yana tsattsafo mata a goshi don wahalar zama kawai. Mutum ba ya jan jiki haka don wasa.

"Mu jira, baban yara," ta ce.

Ya ajiye biron a kan bargo. Wakilin ya tattara takardunsa, ya ce shi dai ba zai iya yin alkawarin tayin zai jira su ba. Yaya ya fita ko sallama babu, ƙarar takalminsa kawai aka ji har bakin titi.

Daga ranar ɗakin Anti ya koma makaranta. Da mai burodi ta fitar da gashin safe ta bar mai taya ta aiki a shago, sai ta haye baranda da fulawa har gwiwar hannu. Ɗakin yana warin magani da man zafi. Tukunyar iskar numfashi tana tsaye a gefen gado kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Anti tana jingine da filo, na'urar lissafi a cinya.

"Faɗa min duk abin da jikin mijinki ke ci. Kada ki ji kunya, ni na ga abin da ya fi haka."

Mai burodi ta fara jerowa: magani, gashin ƙashi, motar zuwa asibiti. Anti ta riƙa ƙaro abin da ba ta taɓa kawowa a rai ba. Katifa ta musamman don kada bayansa ya yi gyambo. Keken nan da yake kai, shi ma zai mutu a sake wani. Ƙofar banɗaki sai an faɗaɗa. Ita kanta mai ɗagawar, bayanta ba ƙarfe ba ne.

"Yanzu amsa min. Buhun fulawa, yadda kika saye shi shekarar da kika buɗe shago, haka yake yau?"

"Ina! Ya ninka, ya sake ninkawa."

"To kuɗin da suka kawo, haka zai tsaya cak kamar hoto, kaya kuwa suna gudu. Ƙanƙara suka ba ku a tsakar rana suka ce ku ajiye wa jikoki. Mu abin da za mu nema shi ne rijiya, ko da ƙarama ce. Wata-wata, muddin yana raye, kuma in kaya sun tashi shi ma ya tashi."

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa mai burodi ta raba kuɗin shago da na gida, ta ce wanda ya haɗa su aljihu ɗaya ba zai san ranar da ya cinye jarinsa ba. Ta sa ta kira banki da kanta, ta koya mata abin da za ta ce: ba roƙo ba, ba kuka ba, bayani. Mai burodi ta yi magana, Anti tana yi mata alama da yatsa kamar mai ba da hannu a titi. Da aka ce sun yarda za a sassauta biyan bashin tanderu a tsawaita lokaci, sai ta rasa abin yi, ta kama ƙafar Anti tana matsawa.

"Sake ni, ke kika yi magana ba ni ba. Ni ƙafar ma ba tawa ba ce yanzu, aro ce."

Akwai wadda abin bai yi wa daɗi ba: Malama, 'yar Anti tilo, malamar makaranta da ta ɗauki hutu ta dawo jinyar uwarta. Wata rana da yamma ta tare mai burodi a baranda, idanunta jawur.

"Don Allah ku ji tsoron Allah. Matar nan 'yan kwanakin da suka rage mata ne kuke rabawa. Jiya bayan fitarki sai da ta yi amai har ta kasa ɗaga kai. Ni ma ina son uwata."

Mai burodi ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi, don ta san gaskiya aka faɗa. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai murya ta fito daga ɗaki, siririya amma da kaifinta.

"Ku shigo ku biyun, kada ku raba gadona ina raye."

Suka shiga. Anti ta kama hannun 'yarta ta ɗora a ƙirjinta.

"'Yar nan, in na kwanta ina kallon silin, ciwon ne ke cina. In ina lissafi, ni ke cin sa. Ki bar ni in ci nawa rabon. Amma kin yi gaskiya, na ɗauki haƙƙinki. Daga yau safiya tasu ce, yamma taki ce ke kaɗai."

Malama ta kifa kai a gefen gado ta yi kukanta. Washegari ita da kanta ta riƙe wa uwar waya a kunne, tana kiran tsofaffin abokan aikinta na banki ɗaya bayan ɗaya. Mai burodi tana jin ta tana tsokanar wani da take kira Manaja.

"Kai dai tun da ka yi ritaya ba ka da aiki sai musu da talabijin. Akwai tebur a asibiti yana cin ƙura. Kujerar ba ta juyawa irin taka ta da, amma ba za ta karye da kai ba. Tumbin dai za ka rage."

Ana cikin haka wakilin kamfani ya bugo ya ce manya sun fusata, mai yiwuwa ma a janye tayin gaba ɗaya. A ranar Injiniya bai ci abinci ba. Ya juya kekensa ya fuskanci bango. Mai burodi ta ƙona tire biyu na burodi, abin da ba ta taɓa yi ba. Da ta kai wa Anti labari, sai ta ga tana murmushi.

"Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ba ya jin tsoro ba ya barazana. Na riga na tura wa lauyarmu komai, ta nemi a zauna da su. Ki wanke mayafinki mai kyau."

"Anti, ba dai da ke za a je ba?"

"A'a, zan zauna in jira a ba ni labari kamar wata tsohuwa."

Ranar zaman, aka aro wa Anti keken guragu daga asibiti. Da aka fito da su baranda ita da Injiniya, keke gefen keke, ta kalle shi ta ce, "To, Injiniya, tsere za mu yi ko kuwa kana tsoron mace ta wuce ka?" Karo na farko tun faɗuwarsa mai burodi ta ji dariyar mijinta ta fito daga ciki.

Matsalar ita ce mota. Ta hayar da aka kira ta ƙi ɗaukar keke biyu da tukunyar iska. Suna tsaye cirko-cirko a bakin titi sai ga motar kayan Yaya ta tsaya a gabansu. Ya fito fuska a murtuke.

"Ni dai har yanzu ban yarda ba. Amma ba za a ce ƙanena ya je gaban manya ba ni a bayansa ba."

Shi ya ɗauki Anti cak kamar jaririya ya sa ta a kujerar gaba.

Ɗakin taron kamfanin sanyi ƙalau, da dogon tebur mai sheƙi da robobin ruwa a jere. Shugaban ma'aikata yana tsakiya, akantan kamfani a damansa, lauyansu a hagu. Lauyar nan mai zuwa teburin Anti ta fara, ta faɗi abin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci. Sannan Anti ta karɓa. Mai burodi ta ga wata mace da ba ta sani ba ta fito daga cikin wannan ramammen jiki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shimfiɗa musu abin da jinya ke ci a shekara, ta nuna yadda tsadar kaya za ta cinye tayinsu tun yaran Injiniya ba su gama makaranta ba. Har ta nuna musu cewa biyan wata-wata ta hanyar inshorarsu zai fi musu sauƙi a kan shari'ar da ba wanda ya san ƙarshenta. Akantan ya yi ta danna na'urarsa, yana musu a wani wuri, yana gyaɗa kai a wani. Sau ɗaya ma ya kama ta da kuskure, ta ce, "Ka yi daidai, ɗana, maganin nan yana sa ni ganin bakwai kamar ɗaya," aka gyara aka wuce.

Sai shugaban ya jingina da kujera ya ce, "Mama, duk mun ji. Amma alkawarin har abada abu ne mai nauyi. Za mu iya ƙara wani abu a kan dunƙulen, a rufe magana yau."

Anti ta buɗe baki, tari ya sarƙe ta. Malama ta yi maza ta ɗora mata robar iska a hanci. Tarin ya lafa, amma murya ta tafi. Ta yi ƙoƙari, iska kawai ke fita. Sai ta lalubo hannun mai burodi a ƙarƙashin tebur ta matse.

Mai burodi ta gane so Anti take ta karɓi maganar. Ita da ko a taron iyayen yara ba ta magana. Ta dubi mijinta, ta ga ya ƙura wa teburin ido, hannayensa, waɗanda a da ba sa zama wuri ɗaya, suna kwance a kan bargo.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ni burodi nake gasawa, ban san lissafinku ba sai abin da Anti ta koya min. Amma ina da tambaya ɗaya. Kuɗin nan da za ku ƙara, na shekara nawa ne? Ku faɗa min shekarun da kuka yanka wa mijina, in sani, in faɗa wa 'ya'yansa. Don ni fata nake ya tsufa. Ina so ya yi furfura, ya yi ta mita, ya ga auren yaran nan. In kuka ba mu abin da zai ƙare, kun sa ni kenan in riƙa tsoron tsawon ransa. Wannan kuwa ba zan iya ba."

Yaya ya juya fuska yana goge ido da hular kansa. Shugaban ya daɗe yana kallon Injiniya, kamar yau ya fara ganin akwai mutum a cikin keken. Daga nan ya ce a ba su 'yan mintuna, suka fita su uku.

Da suka dawo, akantan ne ya karanto. Biyan wata-wata muddin rai, ana duba shi duk shekara daidai da tsadar kaya. Magani da gashin ƙashi a wuyan inshorar kamfani. Wani abu a dunƙule don gyaran gida da sabon keke. Albashin mai taimako a gida ne kawai suka ce ba za su ɗauka ba. Lauya ta dubi Anti. Anti ta jawo mai burodi kusa, ta raɗa mata a kunne.

"Karɓi. Mai cewa sai ya kwashe kasuwa duka, da kwando wofi yake komawa."

A hanyar dawowa Yaya ya manta da shekarunsa. Hon yake ta dannawa ba dalili, yana dukan sitiyari. "Kai! Kun ji matar ƙanena? 'Shekara nawa kuka yanka masa!' Wallahi ni kaina sai da na ji kamar ni ne na ture tsanin! Anti, na tuba, na bi Allah na bi ki. Ni ma akwai wani ɗan lissafin shagona da..."

"Laraba," Anti ta ce da 'yar muryar da ta dawo mata. "Ka bi layi."

Suna isa layin, 'yan unguwa suka fito jin hon. Mai wanki da guga, mai kanti, matan gidan sama, kowa yana tambaya, Yaya yana ba da labari yana ƙara gishiri. Anti ta ce a tsaya da ita a ƙofar shagon burodi. Ta nemi mai zafi, wanda ya fito yanzu. Kowa ya san ba ta iya haɗiyar komai sai ruwa-ruwa. Ta ɓare shi biyu, ta kai hanci, ta lumshe ido tana shaƙar tururin.

"Wannan shi ne ladana," ta ce. "Kada ki ce ban caje ki ba."

Daga wannan fitar ba ta sake taka baranda ba. Mai burodi ta so ta ɗora wa kanta laifi, Malama ce ta hana ta. Ta ce tun da aka gano ciwon ba ta ga uwarta ta yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba. Da lauya ta gama duba yarjejeniyar, Injiniya ya ce shi ba zai sa hannu ko'ina ba sai a gaban Anti. Aka tura shi har bakin gadonta. Ya sa hannu, ta ɗaga masa babban yatsa.

Ranar Laraba da hantsi mai burodi tana zaune a gefen gadon tana jiƙa mata leɓe da auduga, Malama tana riƙe da hannunta. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan zanin gado. Wayar Malama ta yi ƙara. Hoto ne Manaja ya turo: shi da wata tsohuwar akanta zaune a teburin asibiti, ya matse tumbinsa da ƙyar, ga mutane a benci suna jira. Malama ta kai wayar kusa da fuskar uwar. Anti ta buɗe ido, ta daɗe tana kallo.

"Ku ce masa... ya daina katse mutane... ya bari su gama magana."

Suka yi dariya da hawaye. Ta ce a juya ta ɓangaren dama. Leɓunanta suka ci gaba da motsi da kalmar shahada, Malama tana taya ta a hankali. Numfashin ya riƙa yin nisa da juna, har aka jira na gaba bai zo ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," mai burodi ta ce. Ta miƙa hannu ta rufe tukunyar iskar, ɗakin ya yi shirun da bai yi ba tun makonni.

Malama ta ɗauka 'yan uwa da maƙwabta ne kawai za su zo gaisuwa, don uwarta ba mai yawan shiga mutane ba ce. Kafin la'asar layin ya cika. Wani dattijo mai sanduna biyu ya ce ita ta hana shi sayar da gidansa. Wata mata da ake wa mijinta wankin ƙoda ta zo da 'ya'yanta duka, ta ce su ga ɗakin matar da ta sa ba su bar makaranta ba. Wani makaho, tsohon direba, ya ce ita ta bi masa fanshonsa ofis-ofis da waya. Kekunan guragu suka jeru a baranda har babu wurin taka ƙafa, Injiniya ya zama mai ba da hannu, yana cewa wannan ya matsa, wancan ya ja baya. Manaja ya zo da mutanensa, ya tsaya gaban Malama ya ce sun yi magana, teburin ba zai sake kwana ba kowa ba, har sun nemi a ƙara musu Asabar.

"Duk waɗannan," Malama ta ce wa mai burodi, "ba ta taɓa faɗa min ko mutum ɗaya ba."

"Sirrin mutane ne," in ji mai burodi. "Ma'aikaciyar banki ce fa."

Shayi aka yi ta dafawa ana zagawa da shi. Kofunan gidan suka ƙare, aka aro na mai burodi, aka aro na gidan sama, har mai kanti ya buɗe sabon kwali. Washegari da safe, kafin mutane su sake taruwa, su biyun suka zauna a bakin famfo, Malama tana wankewa, mai burodi tana ɗaurayewa. Suka kife kofunan a kan tiren gashin burodi suka jera a rana, na gilashi da na roba da na tangaran, manya da ƙanana, ruwa yana ɗiga daga bakinsu yana bin siminti a hankali.